Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugabar NAFDAC kan maganin ƙurajen fuska da ake shigo wa amarenmu da shi ta bayan fage

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, Abuja.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto miki ne a kan wani magani mai suna isotretinoin. Ni ma'aikaciyar harhaɗa magunguna ce a Kano. Na zaɓi in rubuta da Hausa duk da na san sai an fassara miki, domin da Hausa ake tallan maganin nan a Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp, da Hausa kuma masu shan sa ke tambayar juna yadda ake sha. Ofishinku na Kano ba zai rasa mai karanta miki ba, ni kuma ina so 'yan matan da abin ya shafa da iyayensu su ji abin da na faɗa miki.

Maganin nan ba na banza ba ne. Kamfanin Roche ne ya fito da shi, Amurka ta amince da shi a 1982 da sunan Accutane, sauran ƙasashe suka san shi da Roaccutane. Yau kamfanoni da dama suna yin nasu, akwai Isotroin na Indiya, da Curacné na Faransa, da Acnotin na Tailan, da wasu da ake yi a Masar da Turkiyya. Dangin sinadarin bitamin A ne, aikinsa shi ne ya tsuke 'yan jakunkunan da ke fitar da maiƙo a fata har su kusa daina aiki. Ga mai manyan ƙuraje masu ƙullutu da ruwa, irin waɗanda ke barin fuska da ramuka, babu maganin da ya kamo ƙafarsa. Na ga fuskokin da ya gyara bayan an sha wahalar shekaru. Sai dai don ƙurajen da suka gagari sauran magunguna aka yi shi, kuma a hannun likitan da zai riƙa duba mai shan sa wata-wata.

Dalilin wannan tsanani shi ne abin da yake yi wa ɗan tayi. Idan mace ta sha shi da ciki, ko ta ɗauki ciki tana tsakiyar sha, ko cikin wata guda bayan ta daina, yana iya lalata halittar jaririn. Ba sai ta sha da yawa ba, ba kuma sai ta daɗe tana sha ba. A 1985 tawagar likitoci ƙarƙashin Edward Lammer ta wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine kan ciki 154 da maganin ya taɓa. An zubar da 95, guda 12 sun ɓare da kansu, an haifi 26 babu wata babbar nakasa, 21 kuma suka zo da nakasa. Lissafin da likitoci ke aiki da shi a yanzu shi ne tsakanin kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na jariran da maganin ya riska a ciki suna zuwa da tawaya a halitta: kunne ɗan tsito ko babu kunnen gaba ɗaya, ruwa a ƙwaƙwalwa har kai ya kumbura, karkacewar manyan hanyoyin jinin zuciya, tsagaggiyar ganɗa. Wasu kuma a haife su garau a ido, sai sun isa makaranta a ga fahimta ta ƙi.

Shi ya sa Amurka ta kafa shirin iPLEDGE a 2006. A can, macen da za ta iya ɗaukar ciki ba ta samun ƙwaya ɗaya sai an yi mata gwajin ciki sau biyu an tabbatar babu, sai ta sa hannu cewa za ta yi amfani da hanyoyin hana ɗaukar ciki guda biyu tun wata guda kafin ta fara har wata guda bayan ta gama, ko kuma ta ƙaurace wa saduwa baki ɗaya. Na kwana 30 kawai ake ba ta, ta dawo a sake gwaji kafin a ƙara mata. Likitan da zai rubuta da kantin da zai bayar duk sai sun yi rajista. Ƙasashen Turai ma suna da irin nasu tsarin. Duk da wannan shinge da waɗanda suka gabace shi, wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙirga rahoton ciki 6,740 da aka kai wa hukumar magunguna ta Amurka tsakanin 1997 da 2017 a cikin mata masu shan maganin. Tun 2007 hukumar tasu take gargaɗin jama'a kada su saye shi ta intanet. Ba abin da ba ki sani ba nake gaya miki, ke farfesa ce a fannin nan kuma kin yi shekaru kina koyarwa a Amurka. Na kawo shi ne don a auna da yadda muke yi a nan.

A nan, wadda ta je Dubai ko Alƙahira saro abaya da turare sai ta cusa kwalaye kaɗan a gefen akwati. Ɗalibin da ke karatu a Indiya ko Masar, idan zai dawo hutu, 'yan uwa su yi masa sautu. Wasu ta shafukan intanet na waje suke yin oda, kayan su biyo kago tare da takalma da jakunkuna. Daga nan sai talla: hoton fuska kafin da bayan sha, a ƙasa an rubuta cewa daga waje yake, orijinal ne, wata ɗaya ya isa. Ki tura kuɗi ta banki, ɗan babur ya kawo miki har ƙofar gida, idan kuma kina Katsina ko Gusau ko Azare a ba direba a tasha. Babu mai tambayar shekarunki, ko nauyinki, ko kina da aure, ko yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe. Mai sayarwar ita ce likita, ita ce mai kanti, kuma yawanci abin da ta sani game da maganin bai wuce cewa ya yi wa ƙawarta aiki ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne wadda ake sayar wa. A ƙasar Hausa babu lokacin da mace ke neman fuskarta ta yi sumul ko ta halin ƙaƙa kamar bayan an sa mata rana. Ga hotunan kafin biki, ga kamu, ga dina, ga dangin ango da za su zo su ƙare mata kallo. Masu tallan sun san haka sarai, shi ya sa suke haɗa maganin cikin kayan gyaran amarya, tare da sabulu da mayuka da tsumi. Ita kuma amaryar nan, daga ranar da ta tare, kowa ya fara ƙirga mata watanni. Uwar miji na jira, uwarta na jira, ita ma tana jira. Babu amaryar da ke shiga ɗakinta da shirin tazarar haihuwa, kuma ko cikin matan aure gaba ɗaya, binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari ne kacal ke amfani da hanyoyin zamani, a Arewa maso Yamma ma abin bai kai haka ba. To maganin da Turawa ba sa yarda mace ta taɓa sai ta toshe ƙofar ɗaukar ciki ta hanya biyu, mu a nan ana miƙa shi ne ga wadda ta fi kowa kusa da ɗaukar ciki a duk unguwar.

Wata yarinya ta shigo kantinmu a tsakiyar hunturu tana neman man leɓe mai ƙarfi. Da ta ɗaga niƙabi sai na ga leɓunan sun tsattsage har gefen baki, wani wurin jini ya bushe, fatar gefen hancinta tana ɓarewa. Kowa leɓensa na bushewa da hunturu, amma wannan daban ne, duk wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Na ce, ƙanwata, wane magani kike sha? Ta ce ba komai, sai na fimfus. Ta buɗe jaka ta ciro fallen kafso, saura kaɗan ya ƙare. A jikin kwalin an zana mace mai ciki an ja mata layi. Na nuna mata, na ce kin ga wannan? Ta yi dariya, ta ce, "Ai ni ba ni da ciki, Anti, ko auren ma ba a ɗaura ba tukuna." Na ce yaushe ne bikin? Ta ce saura sati uku. Takardar bayanin da ke cikin kwalin da Turkanci aka rubuta ta daga farko har ƙarshe. Wadda ta sayar mata kuma ta ce mata kada ta kuskura ta daina bayan biki, don ƙurajen za su dawo, har ta riga ta biya kuɗin kwali na biyu.

Na zaunar da ita na yi mata bayani, na ce ta daina daga yau, ta je ta ga likita, kuma ko ta daina yau ɗin, sai wata guda ya cika kafin ciki ya zama babu haɗari, ga shi kuma tarewa ta riga cikar watan. Sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, can ta ce, "To ta yaya zan faɗa masa?" Ranki ya daɗe, babu takardar kamfanin da ta tanadi amsar wannan tambaya. Budurwa ta tunkari saurayinta da maganar hana ɗaukar ciki kafin aure, ko ta gaya wa mahaifiyarta ta sha abin da zai iya nakasa jikanta na fari, nauyi ne da ba kowace yarinya ke iya ɗauka ba. Da yawa za su ja bakinsu su yi shiru, su bar wa Allah.

Abin takaicin ma, haɗarin take ɗauka ba tare da ta sami warakar ba. Likita yana auna maganin ne da nauyin jiki, yawanci rabin miligiram zuwa miligiram ɗaya a kan kowane kilo a rana, na tsawon wata huɗu zuwa shida, har jimillar ta kai miligiram 120 zuwa 150 a kan kowane kilo. Yarinya mai kilo 55 ke nan tana buƙatar aƙalla miligiram 6,600, wato kafso 330 na miligiram 20. Kwali ɗaya mai kafso 30 da ake sayar mata a ce ya isa, miligiram 600 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sannan sanannen abu ne cewa a makonnin farko ƙurajen kan ƙara tashi kafin su lafa. Likita zai faɗa wa mara lafiya haka tun farko ya kwantar mata da hankali. Amaryar da ta ga fuskarta ta ƙara ɓaci ana saura kwanaki biki kuwa, abin da za ta yi shi ne ta ninka abin da take sha, ko ta koma wa mai sayarwar a haɗa mata da wani.

Wanin da ake haɗawa kuma galibi doxycycline ne, domin shi ne abin da kusan kowane kemis ke miƙa wa mai ƙurajen fuska. An hana haɗa isotretinoin da magungunan dangin tetracycline, wanda doxycycline na cikinsu, saboda tare suna iya ɗaga matsin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Alamarsa ciwon kai mai tsanani, amai, gani dishi-dishi ko bibbiyu. A nan duk wanda ya zo da ciwon kai da amai, maleriya da taifot za a ce, a ɗaura masa ruwa a yi masa allurai, jijiyar ido kuma tana can tana lalacewa. Haka ƙwayoyin ƙarin bitamin da ake sha don fata ta yi sheƙi, da yawansu akwai bitamin A a ciki, ƙari ne a kan guba. Maganin yana iya ɗaga kitsen jini da taɓa hanta, shi ya sa ake gwajin jini kafin a fara da kuma bayan an fara, kuma idan kitsen ya yi mugun hawa yana iya kumbura gaɓar da ke sarrafa sukari a jiki, wato pancreas, ciwon da ke kai mutum kushewa. Wa ke yi wa mai saye a WhatsApp gwajin jini?

Akwai kuma abin da mu kaɗai za mu lura da shi, don ba ya cikin tunanin wanda ya rubuta takardar a Turai sai a layi ɗaya. Maganin yana sa fata ta yi laushi da rauni, shi ya sa aka hana cire gashi da danƙo a lokacin shan sa har zuwa wata shida bayan an daina. Danƙon nan shi ne halawarmu. Babu amaryar da ba a yi wa halawa da dilka, kuma mai gyaran jiki ba ta san abin da amarya ke haɗiya ba. Za ta manna halawa ta fizge, ta taho da fatar. A bi da dilka a goge, a turara, a zauna da ciwo a ƙafa da hannu ana cewa jikinta ne ba ya son halawa.

Samari ma suna sha, kada a ɗauka na mata ne kawai. Nasu haɗarin ya biyo ta wata hanya. An hana mai shan maganin ba da jini har sai ya yi wata guda da dainawa, saboda kada jinin ya shiga jikin mai ciki. A asibitocinmu kuwa idan mace na buƙatar jini, dangi ake cewa su kawo, ƙane ko ɗan ƙanin miji ya miƙa hannu. Mai sikila mai ƙaramin ciki tana iya karɓar jinin ɗan uwanta da ke shan maganin fimfus ɗin da bai ma ɗauke shi magani ba, balle ya ambata. Sannan saurayin da ya ga ya yi masa aiki, ragowar ƙanwarsa ko matar yayansa yake ba wa. Ga kuma batun damuwa da sauyin hali. Masana na ta muhawara kan ko maganin ne ke jawo su, amma abin ya kai hukumar magunguna ta Birtaniya a 2023 ta ƙara tsaurara ƙa'ida, har ta ce ɗan ƙasa da shekara 18 sai ma'aikatan lafiya biyu sun amince kafin a fara ba shi, kuma a riƙa bibiyar halin da zuciyarsa ke ciki. Namu ɗan sakandaren da kuɗin kashewarsa yake saye, iyayensa ba su sani ba.

Duk wannan idan abin da ke cikin kwalin shi ne abin da aka rubuta a bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ko dai jabu ne ko mara inganci. Ba sai an je ga 'yan damfara ba ma. A 2013 kamfanin Ranbaxy ya amsa laifi a gaban kotun Amurka, ya biya dala miliyan 500, kuma cikin magungunan da ya amsa cewa ya sayar ba bisa ƙa'idar inganci ba har da Sotret, wato nasa isotretinoin. Wannan babban kamfani ke nan da hukuma ke sa wa ido. Ina ga kwalin da babu lambar NAFDAC, babu wurin kankarewa a tura saƙo a tabbatar, babu wanda za a kama idan ya yi ɓarna? Ko na gaskiyar ne, kafso ne mai maiƙo a ciki da ba ya son zafi da haske, a wuri mai sanyi ake ajiye shi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kayan kuma sun kwana a sito, sun wuni a but ɗin mota, sun ƙarasa a akwatin ɗan babur.

Na san za a iya ce mini hukuma ba ta sami rahoton ko da jariri ɗaya da maganin nan ya nakasa a Arewa ba. Ta ina za ta samu? Yawancin haihuwa a yankinmu a gida ake yi. Idan jariri ya zo babu kunne ko da ƙaton kai, za a ce ƙaddara ce, wasu su ce auren zumunci ne, wasu su kalli kishiya, wasu su ce uwar ta fita da almuru. Idan ɓari ne kuwa ba ma a magana, ciki na fari ne, Allah ya kawo mai amfani. Ko an je asibiti, ba a cika tambayar uwa abin da ta sha wata tara da suka wuce don gyaran fuska ba, ita ma ba za ta haɗa wannan da wancan ba. Masifar thalidomide, maganin da mata masu ciki suka sha ya nakasa yara wajen 10,000, an gano ta ne a 1961 saboda likitoci irin su Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostireliya sun ga jariran da idonsu, suka koma suka tambayi iyayen mata abin da suka sha. Mu babu mai gani balle ya tambaya, don haka littafinku zai ci gaba da zama fari tas ko da abin na faruwa a kowace unguwa.

Ba isotretinoin kaɗai ke biyo wannan hanya ba. Ana shigo da ƙwayar Diane-35 da mata ke sha don ƙuraje, maganin da Faransa ta dakatar a farkon 2013 saboda daskarewar jini kafin a dawo da shi bisa tsauraran sharuɗɗa, ana kuma shigo da mayuka masu clobetasol da betamethasone waɗanda ke kwantar da ƙuraje na 'yan kwanaki sannan su haifar da nasu. Hukumarki ta yi magana sosai a kan man bilicin, har kika kira shi matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Waɗannan mai amfani da su suke cutarwa. Wanda nake magana a kai yana kai wa ga wanda ba a haifa ba.

Ba na ganin laifin yaran nan kamar yadda wasu abokan aikina ke gani. Wanda bai taɓa zama da fuska cike da ƙuraje ba bai san abin da ake ji ba. Yarinya ta daina zuwa biki, ta daina ɗaga kai a aji, 'yan uwa na tsokana, manya na cewa na balaga ne za su wuce, su kuma ba su wuce ba. Idan ta ce za ta bi hanyar da ta dace, likitocin fata 'yan ƙalilan ne, galibinsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sai ta sami takardar turawa, ta yanki kati, a ba ta rana mai nisa, ta yi sammako ta bi layi, ga kuɗin gwaje-gwaje. Mai Instagram kuma tana amsa saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare, tana kiran ta "sis". Duk wanda ya ce a hana kawai a tafi, bai yi komai ba, kayan za su ƙara tsada ne su ƙara ɓuya.

Mun ga ƙoƙarin da kuka yi tare da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, a Fabrairun 2024, lokacin da aka rufe shagunan magani na Sabon Gari aka tilasta komawa cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya. An sha surutu, amma aiki ne da aka daɗe ana jira. Sai dai wannan kasuwar da nake ba ki labari ba ta da rumfar da za a garƙame. Duk da haka ba ɓoyayyiya ba ce. Masu ita suna sa lambar wayarsu da lambar asusun bankinsu a fili, suna biyan masu mabiya da yawa su yi musu talla. Ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa da waya a hannu zai tara muku sunayensu cikin mako. Ba ina neman a cika kurkuku da 'yan mata masu neman na kansu ba ne, da yawansu ba su san abin da suke sayarwa ba. A kira su, a nuna musu hoton abin da maganin ke yi, a ƙwace kayan, wadda ta koma a hukunta ta. A kuma sanar da jami'anku da na kwastam a filin jirgin Malam Aminu Kano sunayen da maganin ke zuwa da su, domin wanda bai san Isotroin ba zai ɗauka ƙarin bitamin ne ya wuce da shi.

Ina roƙon ki fitar da sanarwa ta musamman a kan isotretinoin, da Hausa, a gidajen rediyo da talabijin da mata ke saurare, ba takardar Turanci a shafin hukuma ba. A faɗi maganar ciki ƙarara, kada a lulluɓe ta da kunya. A bayyana waɗanda kuka yi wa rajista da lambobinsu, a wajabta wa duk mai shigo da su bisa ƙa'ida ya sa gargaɗin da harsunanmu, har da ajami, a jikin kwalin. A tara masu gyaran jikin amare a yi musu bita, don su ne ke ganin amarya kafin kowa, kuma maganarsu ta fi tawa shiga kunnenta. A rubuta wa hukumar kula da jini ta ƙasa ta tabbatar ana yi wa duk mai ba da jini tambayar da baki, da sunan da ya sani, wato maganin ƙurajen fuska. Manhajarku ta Med Safety da ake kai rahoton illar magani, a koya wa ungozomomi da ma'aikatan ɗakin haihuwa amfani da ita, a ce musu duk jaririn da ya zo da tawayar kunne ko kai ko zuciya a tambayi uwarsa ko ta sha wani abu don fuska.

Sannan a buɗe halastacciyar ƙofa. Ku zauna da ƙungiyar likitocin fata ta Najeriya da PCN ku tsara namu shirin daidai ƙarfinmu. Ba sai mun kwafi na Amurka da kwamfutocinsa ba. Takardar amincewa da Hausa, gwajin ciki kowane wata, maganin kwana 30 kacal, zaɓaɓɓun kantuna masu rajista a kowace jiha, da horar da likitocin manyan asibitocin jiha su riƙa rubutawa ƙarƙashin kulawar likitan fata ko da ta waya ce. Idan yarinya ta san za ta sami magani na gaskiya a Dutse ko Birnin Kebbi ba sai ta yi wata uku tana jiran layi ba, mai kago za ta rasa kasuwa.

Akwai wata dama da ke hannu yanzu. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Ma'ana kowace amarya a jihar nan za ta zauna gaban ma'aikacin lafiya makonni kaɗan kafin ɗaurin aurenta, daidai lokacin da kwalin ke cikin jakarta. Ki rubuta wa Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da sauran jihohin da ke da irin wannan doka, a ƙara tambaya ɗaya a takardar gwajin: kina shan wani magani na ƙurajen fuska, ko kin sha a watannin nan? Wadda ta ce e, a duba kwalin, a yi mata bayani ita da angon tare a gaban ma'aikacin lafiya, don kada nauyin faɗar ya zauna a kanta ita kaɗai.

Allah ya yi miki jagora, ya ƙara lafiya.

Taki,
Wata ma'aikaciyar harhaɗa magunguna,
Kano.